Ranar da na farfaɗo da baturan motar filin golf

Yau da sassafe na buɗe rumfar da muke ajiye ƙaramar motar filin golf, wadda ta yi kusan wata uku ba a taɓa ta ba, na murza makulli, na taka totur, amma ko motsi ba ta yi ba. Na jona caja, ita ma shiru. Da farko cajar na zarga, sai da na ɗaga kujera na auna baturan da mita sannan na gane inda gizo ke saƙa.

Batura shida ne masu volt 6 kowanne, an haɗa su a jere suna ba da volt 36, kuma duk sun yi sanyi ƙwarai. Irin wannan caja mai kashe kanta ba ta fara aiki sai ta ji ragowar wuta a cikin baturan, saboda haka idan sun zube gaba ɗaya sai ta ɗauka ba a jona mata komai ba. Na ɗauko cajar batirin mota mai volt 12, na riƙa ɗora ta a kan batura biyu-biyu na ɗan lokaci, har wutar ta taso yadda babbar cajar ta amsa.

Kafin wannan sai da na sa safar hannu da tabarau na buɗe murafun. A batura biyu ruwan ya janye har farantan dalma sun fito fili, abin da ya sosa mini rai, domin farantin da ya bushe ba ya komawa yadda yake. Na zuba tataccen ruwan da aka samo daga tururi, daidai yadda zai rufe farantan kawai, tunda ruwan yana ƙaruwa lokacin caji, kuma wanda ya cika shi tun farko zai tarar asid ya malalo. Ruwan famfo kuwa ba ya shiga, saboda gishirin ma'adinan da ke cikinsa. Farin dattin da ya taru a kan baturan na wanke shi da bekin soda da buroshi, na ɗaure wayoyin da suka saki, na bar ƙofa a buɗe domin iskar haidirojin da caji ke fitarwa tana kama wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman da baturan suka yi babu wuta. Batirin dalma da asid idan ya daɗe a haka, wani sinadari yakan daskare a kan farantansa ya rage masa ƙarfin riƙe caji, shi ya sa na ƙudurta cewa daga yau duk ranar da motar ta fita, komai gajartar tafiyar, a kan caja za ta kwana.

Bayan kusan awa goma cajar ta kashe kanta, na cike ruwan. Da baturan suka huta, biyar sun nuna volt 6.3, na shida kuwa ya tsaya a 5.9. Na sa masa alama da alli, gobe zan sake auna shi bayan motar ta ɗan zagaya.