Ba kowane NO DISC ne mutuwar ido ba

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin shago. Ba rigima muka yi da kowa ba, kasuwar ce ta tashi ta bar mu a zaune. Tun da masu tura fina-finai a memori suka cika bakin titi, YouTube kuma ya zo ya ƙarasa, mai kawo DVD gyara sai dattijo mai faifan tafsiri ko wanda ya tono tsohuwar na'ura a ƙarƙashin gado. Yaran da suka zauna a gabana duk sun koma gyaran waya, ni ma can na nufa da furfurata. Kafin in tattara mita da ƙarfen dalma, bari in faɗi abin da aikin nan ya koya mini.

Maigidan da na koyi aiki a hannunsa a nan Kano gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tun zamanin kaset yake sana'ar, da jin ƙarar bidiyo zai gaya maka bel ɗin da ya saki. Amma da faifai ya shigo, VCD da farko sannan DVD, lokacin da sabon fim zai fito da safe kafin azahar ya ƙare a kasuwar Ƙofar Wambai, sai ya riƙe magana ɗaya tak. Ko me aka kawo, in dai gilashin gaban ya rubuta NO DISC, kafin a kwance kusa ɗaya zai ce, "Ido ne, sai an sa sabo." Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ido, wato ɗan abin da ke karanta faifai da haske, yana cikin abubuwan da suka fi tsada a cikin akwatin, mai kaya kuma ba ya ganinsa.

Alhali rubutun nan ba abin da yake nufi illa na'urar ta nemi faifai ba ta samu ba. Buɗe murfin ka zuba ido, za ta ba ka labarin kanta. Tire na rufewa, idon zai ja ya koma tsakiya, gilashinsa ya ɗaga ya sauka yana neman fuskar faifan, jan haske ya ɗan bayyana, sannan ƙaramin injin da faifan yake zaune a kai ya fara juyi. Ko wanne daga cikin waɗannan ya gaza, rubutu ɗaya za ka gani. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan gilashin idon, NO DISC. Faffaɗar wayar da ke bin idon gaba da baya ta tsage daga ciki, NO DISC. Kafasita ta kumbura a fanel ɗin wuta har volt 5 ɗin da ake bukata bai cika ba, shi ne dai. Wanda ya fi yawa a cikin waɗanda suka ratsa hannuna kuwa injin juyin ne: faifan zai yi zagaye biyu cikin kasala ya tsaya, in ka ɗan tura shi da yatsa sai ya kama. Idon da ya mutu da gaske yana da alamarsa. Fitila biyu ce a cikinsa, ta CD wadda da ƙyar ake ganinta, da ta DVD, ita ce jar. In na'ura tana cin VCD lafiya amma ta ƙi duk DVD da aka ba ta, to a nan za a fara zargin ido. A leƙa shi ta gefe dai, kada a sa fuska a saitinsa.

Duk wannan da kaina na haɗa shi, ina zaune a bayan shago da matattun na'urori bayan maigida ya tafi masallaci. Ranar da na fara buɗe baki da shi ce ta jawo mini abin da har yau ban manta ba.

Wata Hajiya ce ta zo da ɗanta, ɗauke da na'urar da aka kawo mata tsaraba. Ta ce faifan bikin 'yarta take son nuna wa baƙin da za su zo daga Maraɗi. Maigida ya ce su dawo da la'asar. Da suka tafi na buɗe, na ga faifan yana jan ƙafa. Na ɗora mita a kan injin, na ga ya faɗi ƙasa da abin da sabo yake nunawa, ina juya shi da yatsa allura tana rawa. Na ce, "Oga, wannan idonta lafiya lau, injin ne. Akwai irinsa a cikin waccan da aka yar."

Bai ko kalle ni ba. Ya karɓa, ya ɗiga sifirit a cikin injin, ya haɗa shi da batir ya bar shi ya yi ta gudu har dattin ciki ya ɗan saki. Sai ya ɗauki siririyar sukundireba ya nufi gefen idon. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin kusoshi biyu a wurin, masu ƙayyade yawan wutar da ke shiga fitilun. Ya murɗa ta DVD. Duk mai gyara ya san abin da hakan yake yi: hasken zai ƙaru, na'ura ta yi ta karatu kamar sabuwa, fitilar kuma tana cin kanta. Kamar dai ka ɗaga lagwanin a-ci-bal-bal ne, ɗaki zai haskaka, man kuma ba zai kai asuba ba. Da la'asar ya ciro wani mataccen ido a kwali ya nuna musu, ya ce, "Hajiya, ga naku da muka cire." Ya karɓi kuɗin sabo. Sabon kuwa yana nan cikin durowa a ledarsa, da ɗigon dalmar da kamfani ke sa masa don kariya, wanda sai an narke shi kafin ido ya yi aiki. Ba a taɓa shi ba.

Ba a jima ba na'ura ta dawo. Yanzu idon ya mutu da gaske, injin ya ƙarasa, har ƙaramin IC ɗin da ke tuƙa shi ya ƙone saboda zafin jan wutar da injin yake yi. Ɗan Hajiya ya tsaya a bakin shago yana ɗaga murya, 'yan layi suka taru. Maigida ya juyo a hankali ya ce, "Kai yaro, zo nan. Bayan na gama aikin nan, me ka taɓa a ciki?" Na ce, "Oga, ban taɓa komai ba." Ya ce, "Kun ji ko? Yaran yanzu ke nan, ga rawar kai ga musu. Alhaji ƙarami, yi haƙuri, a kuɗinsa za a gyara." Haka aka yi. Ɗan abin da yake ba ni na mota da abinci ya riƙe har sai da kuɗin ido da na IC suka fita, ina takowa a ƙasa daga unguwarmu. Kuma ni na yi gyaran, da hannuna na narke wancan ɗigon dalmar na sabon idon da Hajiya ta riga ta biya.

Mutane suna tambayata me ya hana ni tona masa asiri a gaban jama'a. Mahaifina ne ya kai ni shagon da hannunsa, ya ce masa, "Ga ɗanka nan." Wanda ya san wannan ya san amsar. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne sunan da ya bi ni a layin, mai ɓata kayan mutane, har mai shayi yana tsokanata da shi.

Da aka yaye ni na buɗe nawa, doka ɗaya na kafa wa kaina da yarana: a gaban mai kaya ake kwance na'ura, abin da aka cire kuma a sa masa a leda ya tafi da shi. In ƙura ce, in goge da tsinken auduga da sifirit, in karɓi na goro. Maigida ya aiko mini cewa da wannan tsarin ba zan biya kuɗin haya ba. Na biya, har na ƙara shago na biyu, kuma da yawa daga masu zuwa wurina ta ƙofarsa suke wucewa.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima, kada ka kwance komai, faifan ko saitin na NTSC ne irin na Amurka, talabijin ɗinmu kuma PAL ce. A rimot ake gyarawa. Ga murya ba hoto, duba wayar nan mai ruwan ɗorawa, rabin lokaci a ramin ja ko fari aka cusa ta. Masu fim sun raba duniya shiyya shida, Amurka ta 1, Turai da Saudiyya ta 2, mu muna ta 5, shi ya sa faifan asali da wani ya aiko daga waje yakan ƙi na'ura mai lafiya, na bakin titi kuwa ba ruwansa da shiyya. Na'ura ta hannu da aka yi don wutar Amurka mai volt 120, a karanta bayanta kafin a soka ta a tamu mai 230; na binne da yawa. Tire ya ƙi fitowa, bel ne. Rimot kuwa, saita shi a kyamarar waya ka danna, in yana da rai za ka ga ƙyallinsa. Faifai daga tsakiya zuwa baki ake goge shi, ba a zagaye ba. A CD bayanan suna dab da ɓangaren rubutu, ƙarzuwa ta sama ta fi ta ƙasa illa, DVD kuwa falle biyu ne aka manne, bayanan suna tsakiya. Kada a ɗora na'ura a kan talabijin mai zafi ko a lulluɓe ta da kyalle tana aiki. An ɗauke wuta, a zare soket kafin a dawo da ita ko a tada janareta. Kyankyasai suna son ɗumin fanel ɗin wuta, su ma sun ci nasu rabon. Wanda kuma yake da faifan biki ko na suna da mai ɗaukar hoto ya buga masa, ya kwafe shi a filash tun yana karantuwa, irin wannan faifan ba ya jure rana da shekaru kamar na kamfani.

Kusoshin nan biyu na gefen ido kuwa, ban taɓa barin yarona ya kai musu sukundireba ba, sai in mai kaya ya ji bayani ya ce a yi, yana son ya kalli abu ɗaya kafin ya yar da ita.

Kwanakin baya na haɗu da maigida a wurin ɗaurin aure. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya kama hannuna yana nuna ni ga mutane, yana cewa, "Wannan ɗana ne, ni na koya masa aiki." Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Haka ne, Oga." Maganar kuɗin motar da ya riƙe mini kuwa, har muka rabu bai tayar ba.