Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yadda Tsibirin Schouwen-Duiveland Ke Zama da Teku

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan tarihi mako-mako. Yau zan ajiye labarin kaina a gefe, mu san wurin tukuna, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai an san ƙasar da ya faru a cikinta.

Schouwen-Duiveland ƙaramar hukuma ce a lardin Zeeland, kudu maso yammacin ƙasar Holan, kuma tsibiri guda ne sukutum. An kafa ta ranar 1 ga Janairun 1997, lokacin da aka haɗe ƙananan hukumomi shida suka zama ɗaya. Mazaunanta kimanin 34,000 ne. Hedkwatarta Zierikzee, tsohon garin fatake da matuƙa jirgi wanda ya samu matsayin birni tun 1248, har yau da ƙofofinsa uku na da, da wata hasumiya mai kauri da aka fara ginawa a 1454 amma aka tsaya a wajen mita 60. Sauran duk ƙauyuka ne. A yamma, inda tuddan yashi suke, akwai Renesse da Burgh-Haamstede, can baƙi suka fi tururuwa. A arewa akwai Scharendijke da Brouwershaven. A gabas, ɓangaren Duiveland, akwai Nieuwerkerk, Ouwerkerk, Oosterland da Bruinisse, garin masunta. Wasu ƙauyukan, irin su Dreischor da Noordgouwe, a zagaye aka gina su: coci a tsakiya, titi ya kewaye shi, gidaje sun kewaye titin.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, in ka cire tuddan yashin yamma, mafi yawan tsibirin yana ƙasa da inda teku ke kaiwa idan ta ciko. Gona tana nan, ganuwar ƙasa tana tsakani, ruwa kuma yana can sama da kan gonar. Don haka ruwan sama ba ya fita da kansa. Kowace gona lambatu ne ya kewaye ta, ƙananan lambatu suna zuba cikin manya, manyan suna kaiwa tashar famfo, injina su ɗaga ruwan su tsallakar da shi ganuwa. Hukumar da ke wannan aiki a Zeeland ita ce Waterschap Scheldestromen. Daban take da ƙaramar hukuma, harajinta daban, kuma jama'a ne ke zaɓen wakilanta duk shekara huɗu. Ma'aikatanta na bin ganuwa suna neman tsaguwa da wurin da ruwa ke tsattsafowa ta ƙarƙashi, suna kuma kama wani irin ɓeran ruwa mai haƙa rami a jikinta, don rami guda a wurin da bai dace ba ya isa ya zama mafarin ɓallewa.

Sun san abin da ɓallewar ke nufi. Daren Asabar 31 ga Janairu zuwa wayewar 1 ga Fabrairun 1953, guguwa daga arewa maso yamma ta turo ruwan Tekun Arewa daidai lokacin babbar cikowa. Mutane na barci, gidan rediyo ya rufe, ganuwa ta karye a wurare da dama. Waɗanda suka hau rufin gida suka tsira da farko, da yawansu cikowa ta biyu da yammacin Lahadi ce ta cinye su, saboda gidajen sun riga sun jiƙe, suka rushe. Mutum 1,836 suka rasu a Holan, sama da 500 daga cikinsu a wannan tsibiri kaɗai, kuma Nieuwerkerk da Ouwerkerk ne suka fi shan wuya. A Schelphoek ɓarakar ta yi faɗin sama da mita 500, ta yi zurfin da ba a iya toshe ta a inda take ba, sai sabuwar ganuwa aka yi can ciki aka kewaye ramin. Ɓaraka ta ƙarshe, ta Ouwerkerk, sai 6 ga Nuwamban 1953 aka rufe ta, da manyan akwatunan kankare guda huɗu da Birtaniya ta ƙera tun Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ja su a kan ruwa, aka jera, aka nitsar. Wata tara ke nan ruwan gishiri na shiga yana fita a gonaki sau biyu kullum. Bishiyoyi suka mutu, ƙasa ta daskare, sai da aka yi ta zuba mata garin jifsam kafin ta sake karɓar shuka. A cikin waɗannan akwatunan huɗu ne aka yi gidan tarihin ambaliyar, Watersnoodmuseum. A ganina duk wanda ya zo tsibirin ya fara da nan kafin bakin teku.

Bayan ambaliyar gwamnati ta ɗauko babban shirin madatsu na Delta, kuma a nan ne rayuwar tsibirin ta juya. Kafin 1965 kusan sai da jirgin fito ake shiga. A shekarar aka buɗe madatsar Grevelingen ta gabas, aka kuma buɗe gadar Zeeland mai tsawon mita 5,022 zuwa tsibirin Noord-Beveland. A 1971 aka rufe madatsar Brouwers ta arewa maso yamma. Kowace madatsa da titi a kanta. Abin da aka gina don tare teku, shi ya kawo motocin Rotterdam da Jamus da Beljiyam har bakin ƙofa.

Madatsar kudu ce ta jawo rigima. Da farko an so a toshe mashigin Oosterschelde gaba ɗaya, masunta da masu kare muhalli suka ƙi, don in ruwan ya daina kai da komo sana'arsu ta mutu. A tsakiyar shekarun 1970 aka sauya shiri, aka yi shinge mai ƙofofi, wanda Sarauniya Beatrix ta buɗe ranar 4 ga Oktoban 1986. Ginshiƙan kankare 65 ne, tsakaninsu ƙofofin ƙarfe 62, kowace faɗinta wajen mita 42. A kan tudu aka ƙera ginshiƙan, jirgi na musamman ya ɗauke su ya dasa a kan tabarmin tsakuwa da yashi da aka shimfiɗa a ƙasan teku don kada igiyar ruwa ta kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi. Kullum ƙofofin a buɗe suke. Sai an yi hasashen ruwa zai kai mita 3 sama da ma'aunin ƙasa da suke kira NAP, sannan a sauke su, saukewar kuma na ɗaukar kamar awa ɗaya da kwata.

Sai dai kowane gyara ya zo da nasa ciwon. Tun da aka yi shingen, ruwan da ke shiga Oosterschelde ya ragu, ba ya da ƙarfin mayar da yashi kan tuddan da ke fitowa idan teku ta janye, sai tuddan suka riƙa zaizayewa, alhali a kansu tsuntsaye ke kiwo. A 2019 sai da aka kwaso yashi da jirgi aka zuba a tudun Roggenplaat. A arewa kuma, Grevelingen ta zama tafkin ruwan gishiri marar cikowa, ruwanta garau a sama, masu ninƙaya da kwalbar iska na sonta, amma da zafi iskar shaƙa na ƙarewa a wurare masu zurfi, halittun ƙasa su mutu.

Manomi ma yana da nasa. Dankalin turawa, albasa, alkama da saiwar da ake yin sukari da ita su ne manyan amfanin gona, kuma albasar Holan da ake gani a kasuwannin Senegal da maƙwabtanta, Zeeland ce cibiyar cinikinta. Amma babu kogin da ke kawo wa gonakin tsibirin ruwan daɗi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai gishiri ne, ruwan sama ne ke kwanciya a kansa, a wasu gonakin kaurinsa bai wuce mita ɗaya ko biyu ba. In ka haƙa da zurfi, ko ka zuƙa da ƙarfi, gishirin ne zai taso, kuma in ya taso ba ya saurin komawa. Shi ya sa manomi ba ya ban ruwa daga lambatu sai ya auna gishirinsa da na'ura, don albasa ba ta jure shi. Farin da aka yi a 2018 ya koya wa mutane da yawa haƙa tafkin ajiye ruwan hunturu da jan siraran bututu masu ɗiga a gindin shuka.

Yanzu kuma baƙi. Yamma ce tasu: bakin teku mai yashi kimanin kilomita 20, daji da tuddai a bayansa, da hasumiyar hasken jiragen ruwa ta Haamstede mai zanen ja da fari. Yuli da Agusta ne tsakiyar kakar baƙi, sai hutun bukukuwan Kirista na Mayu da Yuni lokacin da matasa ke cika Renesse. Masauki iri-iri ne: otal, unguwannin gidajen hutu, manyan filayen kafa tanti, da ƙananan filaye a gidan manomi, inda yake ware wani yanki na gonarsa ya sa banɗaki da lantarki ya samu kuɗin shiga na biyu. Kowane baƙo yana biyan harajin kwana ga ƙaramar hukuma. Ranakun sauyi, galibi Juma'a, Asabar da Litinin, masu tafiya na fita da ƙarfe 10 na safe, masu zuwa su shiga da 3 ko 4 na yamma. A cikin waɗannan awannin ake share gida, a sauya zanen gado, a duba firji da murhu, kuma a ranakun ne titunan N57 da N59 ke cushewa. Babu jirgin ƙasa a tsibirin, sai dai ka sauka a Goes ko Middelburg ka hau bas. A Renesse an yi babban filin ajiye motoci a bakin gari, daga nan bas ke kai mutane gaɓa da zafi. Amma keke ya fi komai: mahaɗar hanyoyin keke lamba gare su, ka rubuta lambobin a jere ka bi alluna. Ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka fita, ka fara da fuskantarta, don ta turo ka a dawowa lokacin da ka gaji.

Batun wanka a teku ina roƙon a ɗauke shi da gaske, musamman mu da muka saba da kogi da tafki. Teku na cikowa ta janye sau biyu a yini, lokacin kuma na matsawa da kamar minti 50 kowace rana, don haka tudun yashin da ka taka jiya da azahar yau yana iya zama cikin ruwa, kuma ta bayanka ruwan ke fara zagayowa. Tsakanin tuddan yashin akwai kwari da ruwa ke komawa teku da gudu, suna kiransa mui. Yakan yi kama da wuri mai lafiya saboda igiya ba ta fashewa a kansa. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi ka nufi gaɓa, ƙarfinka ne zai ƙare. Ka bar shi ya ɗauke ka, ka yi iyo ta gefe, ka ɗaga hannu. Tuta mai ja da rawaya na nufin akwai masu ceto a wurin, rawaya zalla haɗari, ja kada ka shiga. In iska na kaɗawa daga tudu zuwa teku, kada a ɗora yaro a kan katifar roba. Lambar gaggawa 112 ce. A tuddan yashi kuma ba a sauka daga hanya, don ciyawar da ke kansu ita ke riƙe yashin, yashin kuma shi ne ganuwar yamma.

Kuɗin baƙi na riƙe shaguna da gidajen abinci, amma ya sa gidaje tsada. Gida da yawa a yamma na masu zuwa hutu ne, da hunturu a kulle suke, ɗan gari kuma na neman inda zai zauna da iyalinsa bai samu ba. Wannan ya fi damuna a duk lamarin. Gabas ba haka take ba: a ƙauyukan Duiveland akwai masu riƙo da addininsu na Kirista sosai, ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe, kuma ana son baƙo ya kiyaye hayaniya. A Bruinisse sana'ar ita ce kiwon mossel, wata halittar ruwa mai baƙin ɓawo biyu, ana renonta a ƙasan ruwa ko a jikin igiyoyin da aka rataya, wajen shekara biyu kafin ta isa kasuwa.

Wanda ke son ganin mutanen tsibirin a tsakaninsu, ya zo a Fabrairu ko Maris, lokacin Strao. Ƙauyukan yamma kamar Renesse, Noordwelle, Ellemeet, Scharendijke, Serooskerke da Burgh-Haamstede kowanne da Asabar ɗinsa. Ana yi wa manyan dawakin noma kitso a geza da wutsiya, a ɗaura musu furannin takarda da zare mai launi, a hau a jere ana busa ƙaho, kamar ƙaramin hawan sallah, har bakin teku. Can ake shigar da su ruwa a wanke musu ƙafafu bayan zaman hunturu a barga, sannan a dawo a kewaya coci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga aikin kakar baƙi: yadda ake ɗaukar ma'aikata, da abin da ya kamata a duba a takardar aiki kafin a sa hannu.