Ginin kabare a bakin Gulbin Rima

Jiya da la'asar na tsaya wajen gadar Kwalkwalawa a Sakkwato, sai hayaniyar kabare ta ja ni ƙarƙashin wata bishiya da sheƙuna suka cika ta, suna reto kamar ƴan kwanduna.

Ashe duk aikin namiji ne. Shi ke tsago ɗanyar ciyawa da baki, ya fara ƙulla zobe a jikin reshe, sannan ya saƙa ɗaki, ƙofar tana kallon ƙasa. A yini guda yana iya gamawa. Daga nan sai ya maƙale a gindin sheƙar, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana ihu. Macen ta zo, ta shiga, ta jajja saƙar, ta fito. In ta yi mata, ita ke shimfiɗa ciki da ciyawa mai laushi, ta yi ƙwai, ta kwanta a kansu kusan mako biyu. In mata sun yi ta wucewa har ciyawar ta bushe, shi da bakinsa zai warware ginin ya sake sabo. Ni dai wannan haƙurin ya fi ba ni mamaki.

Ruwan ɗorawar jikinsa da baƙin kan nan ma kwalliyar damina ce, kaka na wucewa sai ya koma kamannin mace. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya yi bayanin irin wannan tun 1871: zaɓen da mata ke yi shi ke ƙawata maza sannu a hankali. Kuma gwanin saƙa ba ya tsayawa kan mace ɗaya, tana shiga kwanci yake ɗaura wata sheƙar a reshen kusa.