Ihun Ƙofar Wambai a taken tallar eBay

Wata Lahadi a watan Oktoba na 2012 na sayi kyamarar farko da na yi niyyar sayarwa. A wani fili ne a bayan garin Manchesta, irin kasuwar nan da Turawa ke ci da sassafe, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baza tarkacen gidansa a kan tebur. Wata tsohuwa ce ta sallama mini ita a kan fam 4. Olympus Trip 35 ce, 'yar ƙarama, baƙi da ruwan azurfa, har da igiyarta ta ratayawa. Karatu ne ya kawo ni Ingila, kuɗin hannuna kuwa ba sa kai ni ƙarshen wata. Da wani abokina ya nuna mini yadda ake gwanjo a eBay, inda za ka sa kaya da farashin farawa mutane su yi ta tayi har lokaci ya cika, sai na ce to ga hanya ta samu.

Da daddare na ɗauki hotuna, na zo wurin rubuta take, wato layin nan ɗaya da mai saye ke fara gani a jerin kaya. Na leƙa abin da wasu ke rubutawa, na tattaro duk kalmar da na ga ta fi ɗaukar ido, na haɗa wannan:

L@@K!!! WOW RARE VINTAGE CAMERA MUST SEE BARGAIN!!!

Na ji daɗinsa ƙwarai. Na sa gwanjon kwana 7, farawa daga kwabo 99. Kullum da safe kafin in tafi aji sai na duba, da dare ma in duba. Mutum biyu ne kacal suka taya, ta tafi a fam 6 da 'yan kwabbai. Da na cire la'adar dandalin da kuɗin kwali, abin da ya rage bai kai kuɗin motar da ta kai ni kasuwar ba. Bayan kwana biyu abokin nawa ya nuna mini wurin da ake tace bincike a ga kayan da aka riga aka sayar da farashinsu. Irin kyamarata sak, wasu sun sayar da ita ninki huɗu, wasu ninki biyar. Takensu kuwa babu ihu ko kaɗan, suna ne da lamba.

Na san inda na samo ɗabi'ar. Tun ina firamare nake zuwa rumfar kawuna a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano idan an yi hutu. Gwanjon tufafi yake sayarwa. Ranar da aka yanke igiyar sabuwar dila, aikina shi ne in tsaya a bakin rumfa in ɗaga riga sama ina cewa an buɗe, an buɗe, a zo a zaɓa. Kuma yana aiki. Wanda ya fito sayen takalmi sai ya waiwayo, ya tsaya, ya sa hannu a tsibi, ya tafi da wando biyu. A kasuwa mai shiru ba ya ciniki, wannan karatun na haddace shi tun ban san ana kiransa talla ba.

Su ma Turawan da suka ƙirƙiro L@@K ba haka kawai suka yi ba. A shekarun farko na eBay jerin kaya rubutu ne zalla, layi bisa layi, sai wanda ya biya ƙarin kuɗi ake maƙala wa tallarsa ɗan hoto a gefe. Mutane da yawa kuma shiga suke yi rukuni-rukuni suna gangarawa da ido kamar mai ratsa layin kasuwa. A irin wannan shafi, alamar @ guda biyu da suka yi kama da idanu suna iya tsayar da mutum. Kafin ni in zo, zamanin nan ya wuce. Kowace talla da hotonta, kuma mai saye ba ya yawo, akwatin bincike yake zuwa kai tsaye ya rubuta sunan abin da yake so.

A nan ne asarata take, kuma na daɗe ban gane girmanta ba. Binciken eBay take yake dubawa da 'yan bayanan kaya da ka cike, ba ya shiga dogon bayanin da ka rubuta a ƙasa sai in mai binciken ne ya nemi a haɗa da shi. Mai son Trip 35 zai rubuta Olympus Trip 35. Ni kuwa haruffa 51 na kashe, kalma ɗaya ce tak a ciki ta faɗi abin da nake sayarwa, ita ma a dunƙule. Duk masu neman kyamarata da kuɗi a hannu, har da waɗanda suka ajiye bincikensu don a riƙa sanar da su idan sabuwa ta shigo, babu wanda ya san tana nan. Babu mai rubuta WOW a akwatin bincike. Haruffa 80 ake ba ka, tsofaffin 'yan kasuwar ma sun ce kafin 2011 guda 55 ne, kowane ɗaya kuwa fili ne da za ka iya sa kalmar da wani ke nema a daren nan.

Sai na gyara, amma rabin gyara. Na fara sa suna da lamba, sauran filin kuma in cika shi da tsohon ihun. Kalmar RARE, wato mai wuyar samu, ita na fi riƙewa, don a ganina ita ke sa mutum ya ji in bai taya yanzu ba ya rasa. Trip 35 ta uku da na samu na sa mata ita da manyan baƙaƙe. Washegari wani ya aiko mini da saƙo, layi biyu, cikin ladabi. Ya ce ko na san an yi ta ƙera wannan kyamara daga 1967 har 1984, kuma an sayar da fiye da miliyan 10? Na bincika na tarar gaskiyarsa ce. Abin da ya dame ni ba gyaran da ya yi mini ba ne. Na gane cewa duk wanda ya san kyamarori, wato ainihin mutanen da nake so su taya, da ya ga wannan kalma zai ɗauka ɗayan biyu: ko ban san kayana ba, ko na sani ina ƙarya. Kowanne ya ɗauka, ba zai yarda da ni ba idan na ce masa tana aiki.

Mafi muni ya zo da wata Zorki 4, kyamarar Tarayyar Sobiyet da aka ƙera a Krasnogorsk kusa da Mosko. Asalin jerin Zorki kwaikwayon Leica ta Jamus ne, kuma na ga masu sayarwa da dama suna cusa sunan Leica a takensu don masu neman mai tsadar su faɗo kansu. Ni ma na cusa, da manyan baƙaƙe. Masu kallo suka yi yawa fiye da kullum, na fara murna. Kwana biyu aka sauke tallar, aka turo mini da bayanin ƙa'idar da na karya: ba a sa sunan kamfanin da ba shi ya yi kayan ba don jawo bincike. Sun yi daidai. Mutum ya tara kuɗinsa yana neman Leica, ya buɗe shafi ya tarar rabinsa kayan wani kamfani ne, an ɓata masa lokaci da gangan, kuma ni ina cikin masu ɓatawar.

A makon da aka sauke tallar na kira Kawu, kamar yadda na saba ranar Juma'a. Bayan gaisuwa na ba shi labari, ina ɗan neman ya goya mini baya, na ce ai abin da muke yi a bakin rumfa ne na yi.

Ya ce, "A'a ɗana, ba ɗaya ba ne. Ni ina kiran mutum ya zo ya gani. In ya zo, rigar tana hannunsa, zai ɗaga ta a rana, ya duba wuya, ya duba hammata, ya ja ɗinki. Kai naka mai sayen me ke hannunsa?"

Na ce, "Babu komai Kawu, sai hoto da abin da na rubuta."

Ya ce, "To ka taɓa jin na ce wa mutum rigar Ingila ce alhali ta Caina ce?"

Na yi shiru, don ban taɓa ji ba. Sai ya tuna mini hadisin da ke cewa rantsuwa tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka, da wanda ke cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana aibi za a sa wa cinikinsu albarka. Ya ce waɗannan kalmomi da nake jerawa 'yan uwan rantsuwa ne, tunda ba don in sanar nake faɗarsu ba, don in ingiza ne. Wannan magana ta zauna mini.

Daga nan na sake hanya. Kafin in rubuta take sai in buɗe jerin waɗanda aka sayar, in ga kalmomin da ke maimaituwa a masu tsada, in kuma tambayi kaina me wanda ya san kayan yake tsoro. A Trip 35 abu biyu ne. Na farko na'urar auna haske da ke kewaye da gilashin gaba, wadda ba ta amfani da batir, kuma tana mutuwa da tsufa. Gwajinta da sauƙi: ka sa ta a kan A, wato saitin da take auna haske da kanta, ka rufe gabanta da tafin hannu, ka danna. In tana da rai, wani ɗan jan tuta zai taso a tagar leƙawa, maɓallin ya ƙi dannuwa, in ka cire hannu ka fuskanci haske kuma ya dannu. Na biyu soson da ke gefen murfin baya mai hana haske shiga ya ɓata fim, wanda ke narkewa ya koma baƙin danƙo. Na koyi kankare shi da tsinken sakace in liƙa sabo. Sai take ya koma haka:

Olympus Trip 35 Film Camera 40mm f2.8 Zuiko Tested Red Flag Working New Seals

Haruffa 77, babu alamar motsin rai ko ɗaya. Ba zan ce kowace ta yi tsada ba, gwanjo yana da ranakunsa, amma masu sa ido a kan tallata suka ƙaru, tayin daƙiƙun ƙarshe ya fara zuwa daga mutum huɗu ko biyar, tambayoyin da ake turo mini kuma suka zama na waɗanda suka san abin da suke saye. Kuskure ɗaya na sake yi, na rubuta Olimpus yadda bakina ke faɗa, ta tafi a araha ga mutum guda. Akwai masu farautar irin wannan kuskuren rubutu musamman. Tun ranar nake karanta take harafi-harafi kafin in saki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aibi ma yana sayar da kaya idan ka sa shi a take. Kyamarar da ta mutu, in na rubuta a fili cewa ta gyara ce ko ta cire kayan gyara, masu gyara ne ke zuwa, su taya da saninsu, babu mai dawo da ita yana cewa ba haka aka kwatanta ba. Dandalin ma da irin wannan ya fara. A 1995, lokacin sunansa AuctionWeb, Pierre Omidyar da ya kafa shi ya sa wata 'yar fitilar nuni ta leza wadda ta lalace, ya faɗi cewa ta lalace, aka saye ta dala 14.83.

Har yanzu ina neman ɗaukar ido, sai dai na mayar da ƙoƙarin kan hoton farko: farin zane, hasken taga, kyamara a ɗan karkace yadda sunanta zai fito. Ina kuma saita gwanjo ya ƙare da yammacin Lahadi, lokacin da mutane ke gida.

Kwanakin baya wani ɗalibi ɗan Damagaram da muke haɗuwa a masallaci ya roƙe ni in duba masa tallar wani tsohon keken ɗinki na Singer da ya samu. Ya miƙo mini waya, na ga taurari a farko da ƙarshe, da AMAZING a tsakiya. Na ce, "Malam, wane samfuri ne?" Ya ce bai sani ba. Muka je ɗakinsa, muka jawo keken kusa da taga, muka goge ƙurar gindinsa har lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta fito. Da ita muka gano 99K ne, wannan K ɗin kuwa alamar masana'antar Singer ce ta Clydebank a Sikotilan. Muka rubuta suna, da samfuri, da cewa na hannu ne, da akwatinsa na katako. Ya ƙirga ya ce saura haruffa ashirin da wani abu, me za mu ƙara? Na juya hannun keken, na ji robar da ke naɗa zare a kan bobin ta tsage tana tsalle. Na ce ya rubuta wannan.