Asubar da na yi rana tana dukan kafaɗata

Asabar, 12 ga Yuli, 2025, Katsina.

Yau kwana 9 ke nan da dawowata daga ƙasar Norwe, amma sai yau Allah ya nufa na je gaishe da Baba Malam, yayan mahaifinmu, a gidanmu na gado da ke kusa da Ƙofar Soro. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, saboda haka bayan sallar La'asar na ɗauki 'yar tsarabar da na tanadar masa, wato kwalbar turare da safa mai kauri domin hunturu da ƙunshin busasshen kifi, na nufi cikin gari ina shirya uzurin da zan bayar na wannan jinkiri.

Na tarar da shi a zaure bisa buzunsa, tare da maƙwabcinsa, wani dattijo tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Maraɗi da Agadas, sai kuma jikan Baba da ke ajin ƙarshe a sakandare. Na tsuguna na kwashi gaisuwa. Baba bai bari na fara uzuri ba, ya ce, "An ce mini ka je inda rana ba ta faɗuwa. Na ce a dakata sai ka zo da bakinka, kada a ɗora maka ƙaryar da ba kai ka yi ba." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ƙarya aka yi mini ba, na je, na kuma gani." Ya gyara zama ya ce to, a fara daga farko.

Na shaida musu cewa bayan an gama bikin kammala karatun ƙanena a birnin Tromso, sai shi da abokinsa suka yi hayar mota, muka kama hanyar arewa. Mun kwana a garin Alta, washegari muka nufi wani hancin dutse da ya kutsa cikin teku, wanda mutanen ƙasar ke kira Nordkapp. Daga Alta zuwa can kimanin kilomita 240 ne, wato ya ɗara nisan Katsina zuwa Kano. Da jin an ambaci hanya sai Alhaji direba ya karɓe zancen, domin shi rana ba ta dame shi ba, kwalta ce damuwarsa. Ya tambayi faɗin titin, ya tambayi ramuka, ya tambayi shinge nawa muka wuce. Na ce masa titin siriri ne, hannu biyu kawai, babu rami, kuma babu wanda ya tsayar da mu ko sau ɗaya sai dabbobi. Wasu irin barewa ne masu ƙaho mai rassa, waɗanda ƙabilar Sami ke kiwo kamar yadda Fulani ke kiwon shanu, suna kai su gaɓar teku a watannin ɗumi, su mayar da su cikin ƙasa idan sanyi ya kama. Sukan tsaya a tsakiyar titi ba su ko kallon mota, dole direba ya jira su gama shawara. Alhaji ya yi dariya ya ce ashe ko'ina makiyayi ne mai hanya.

Daga wani ƙauye mai suna Olderfjord muka bar babbar hanya muka hau wadda ake kira E69, mai tsawon kilomita 129, teku a hannun dama, dutse a hannun hagu. Tun kafin mu kai ƙarshenta itatuwa suka ƙare. Na gaya wa Alhaji cewa ƙasar ta tuna mini da yadda shi kansa yake siffanta mana hanyar Agadas, fili fetal babu inuwa, sai dai wannan hamadar jiƙaƙƙiya ce, ga guntayen dusar ƙanƙara kwance a kwaruruka alhali ana ƙarshen watan Yuni. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne hanyar ƙarƙashin teku. Dutsen da muka nufa a kan tsibiri yake, mai suna Mageroya, kuma a 1999 aka buɗe ramin da mota ke bi ta shiga tsibirin, tsawonsa ya kusa kilomita 7, zurfinsa mita 212 ƙasa da fuskar ruwa. Mota takan yi ta gangara har kunne ya toshe, sannan ta kama hawa. A cikin ramin nan muka wuce wasu Turawa biyu a kan kekuna, da kayansu ɗaure a baya, suna taka feda da ƙyar. Alhaji ya girgiza kai ya ce shi ko an haɗa masa da kujerar Makka ba zai tuƙa mota teku na bisa kansa ba.

A nan na miƙa wa Baba ƙunshin kifin, domin a bakin hanyar ne na ga katakan da ake shanya shi. Ba a yi masa banda da hayaƙi irin namu, ba a kuma sa masa gishiri, iska mai sanyi ce kawai ke busar da shi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, har ya koma kamar icce. Lokacin da muka wuce an riga an kwashe mafi yawansa, sai kawuna ke rataye, kuma yawancin kawunan nan Nijeriya ake kawo su. Shi ne kifin da Inyamurai ke sayarwa a kasuwa suna kiransa okporoko. Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a ƙasa, ya ce a kai wa Gwaggo ciki ta san yadda za ta yi da shi.

Ban ɓoye musu cewa isarmu wurin ba ta yi armashi ba. Daga garin masunta na Honningsvag saura kilomita 30 da 'yan kai, kuma tun a rabin hanya hazo ya rufe mu, hazo mai laima wanda ya fi na tsakiyar hunturunmu kauri. Muka isa wajen ƙarfe 8 na dare bisa agogo, ba ma ganin abin da ya wuce taku 10. Ma'aunin motar ya nuna digiri 5, iska kuwa tana ratsa riguna uku da na jibga. Akwai babban ginin baƙi mai ɗakin cin abinci da shagon tsaraba, wanda sai an biya ake shiga, kuma a ganina kuɗin ya fi ƙarfin abin da ke ciki. Na zauna da kofin shayi ina lissafin abin da muka kashe a man mota da hayar ɗaki, ina mayar da shi naira a zuci, raina yana ƙara ɓaci. Ƙari a kan haka, a nan na karanta cewa wurin ma ba shi ne ƙurewar arewacin Turai ba, kamar yadda ake ɗaukarsa. Akwai wani tsinin dutse a yamma da shi, Knivskjellodden, wanda ya fi shi kutsawa arewa da kusan kilomita ɗaya da rabi, sai dai mota ba ta zuwa, sai mutum ya taka kilomita 9 da ƙafa. Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Wato duk wannan wahala, ɗana, tashar kusa da ƙarshe aka sauke ku." Ban iya musa masa ba.

Baba ya tambayi wanda ya fara gano wurin. Na ce masunta da makiyayan yankin sun san shi tun fil azal, amma sunan da duniya ta riƙe matuƙan wani jirgin ruwa na Ingila ne, ƙarƙashin Richard Chancellor, suka raɗa masa a 1553, lokacin da suka wuce suna neman hanyar Sin ta arewa. Kafin a kai titi a 1956, baƙi ta jirgin ruwa suke zuwa, su hau dutsen da ƙafa, kuma haka Sarki Oscar na Biyu, mai mulkin Suwidin da Norwe, ya hau a 1873, haka sarkin Siyam, wato Tailan ta yanzu, ya zo a 1907. Baba ya ce sarkin da ya hau dutse da ƙafa don kallon rana lalle ba shi da shari'a a gabansa a wannan makon.

Wajen ƙarfe 11 da rabi iska ta juya, hazon ya yaye kamar an ja labule, mutane suka yi ta fita da gudu. Sai ga mu tsaye a kan wani faffaɗan dutse mai tsayin mita 307, wanda ya yanke tsaf ya faɗa teku, ga wata ƙwallon duniya ta ƙarfe da aka kafa a 1978 kowa yana rububin ɗaukar hoto a gindinta. Gabanmu babu komai sai ruwa, ruwan da bai daskare ba duk da nisansa a arewa, saboda igiyar ɗumi da ke zuwa masa daga Tekun Atlantika. Daga nan zuwa ƙurewar duniya ta arewa saura kimanin kilomita 2,100. Rana kuwa tana arewa sak, ja-ja-ja kamar ta bayan La'asar sakaliya, tsayinta daga ruwa bai wuce mashi guda ba. Na zuba mata ido ina jiran ta nutse, domin duk rayuwata haka na san rana tana yi idan ta kai nan. Ba ta nutse ba. Ta yi tafiya a kwance daga hagu zuwa dama, sha biyun dare ta wuce, sannan ta fara ɗagawa. Na miƙa wa Baba waya ya ga hoton da agogo a jikinsa. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Jikansa ya ga dama ta samu, ya ruga ciki ya ɗauko lemo, ya kunna fitilar waya, ya nuna yadda duniya ke juyawa a karkace da kimanin digiri 23 da rabi, yadda samanta ke kallon rana wata da watanni ba tare da ya shiga inuwa ba. Na ƙara da cewa Katsina tana wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa darenmu da yininmu ba su cika tserewa juna ba, can kuwa digiri 71 ne, rana ba ta faɗuwa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli, sannan ba ta fitowa sam daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa wajen ƙarshen Janairu. Baba ya saurari yaron har ya gama, ya sa masa albarka, sannan ya juyo gare ni da tambayar da na san tun daga gida ita ce za ta zo. Ya ce, "To, salla fa?"

Na ce Musulmin Tromso suna bin jadawalin Makka a irin waɗannan watanni, mu ma shi muka bi. Magariba da Isha'i mun haɗa su a gefen mota cikin hazo, kuma hazon ya taimaka, domin ya yi kama da duhu. Alƙibla ce ta fara rikita ni. Mu nan idan an ce mutum ya fuskanci gabas an gama magana, har mukan ce wane ba ya kallon gabas idan ba ya salla, amma can Ka'aba tana kudu ne, da ɗan karkata kaɗan. Asuba kuwa ita ce ta tsaya mini a rai. Ƙarfe 4 da 'yan mintoci ƙanena ya ce lokaci ya yi, muka yi alwala da ruwan gora mai sanyin da ya sa yatsuna suka ƙage, muka shimfiɗa riguna a kan tsakuwa. Rana ta riga ta yi hantsi, tana dukan kafaɗata ta hagu. Na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na ji kunya ta kama ni irin ta wanda ya makara, har niyyar ramuwa ta zo mini a baki. Na gaya wa Baba gaskiya cewa har yau zuciyata ba ta gama yarda cewa sallar nan a kan lokaci na yi ta ba.

Na zaci zai yi mamaki, ko ya yi dogon nazari. Sai ya yi murmushi ya ce ai an riga an tambaya tun kafin a haifi kakan kakana. Ya kawo hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci yini guda mai tsawon shekara, da wani mai tsawon wata, da wani mai tsawon mako, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a wannan yini mai kamar shekara, ya ce a'a, a ƙaddara masa gwargwadonsa. Baba ya ce ya karantar da hadisin nan a zauren nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kullum yana ɗaukarsa zancen ƙarshen zamani, bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai masu sayar da kifi da ke rayuwa cikinsa kowace shekara ba. Game da kunyar da na ji, ya ce wannan ba shakka ba ce, sabo ne, ido ya saba da abin da ya saba, sallata kuwa ta yi. Daga nan ya koma tambayar yadda masu azumi ke yi, da yadda ake sa yara barci rana tana waje. Na ce labule mai kauri suke sawa, ni kuwa kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Muna cikin haka Gwaggo ta aiko a tambaye ni ko icce na kawo mata ko kifi, domin wuƙa ta ƙi shigarsa, kuma warinsa ya cika mata ɗaki. Na aika mata cewa sai an jiƙa shi ya kwana. Baba ya ce a tura wa jikansa hoton nan mai agogo a waya, yana so ya nuna wa Liman gobe. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure ya riga ya yi ja, jemagu sun fara fita, ladan ya gyara lasifika. Baba ya leƙa waje, ya jawo butarsa, ya ce, "To, tamu dai ta faɗi. Ku tashi."