Yadda muka kai yaran unguwa tuƙa jirgin da ba ya barin ƙasa

Yaran da nake koya wa lissafi da fiziks da yamma a ƙungiyar matasan unguwarmu duk sun san ƙarar jirgin soja. Wasu har gardama suke yi cewa da kunne kaɗai za su bambance mai saukar ungulu da mai farfela a hanci. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsayawa kusa da jirgi yana ajiye a ƙasa, har ni malaminsu. Shi ya sa da wani dattijon unguwa, tsohon sojan sama, ya ce mana ana karɓar ɗalibai ziyara idan an bi ta ƙofar da ta dace, ba mu yi sanya ba.

Ƙofar ita ce takarda: wasiƙa zuwa ga kwamandan sansanin sojojin sama, da sunan kowane yaro da shekarunsa, da sa hannun iyaye, da lambar motar da za ta kai mu. Sai kuma haƙuri. An sa mana rana, aiki ya taso musu aka ɗaga. Duk mai shirya irin wannan tafiya kada ya biya direba kuɗinsa duka kafin a tabbatar masa a jajibirin ranar, kuma kada ya ƙara suna bayan ya miƙa jerin, domin da wannan takardar ake kiran mutane ɗaya bayan ɗaya a bakin get. Wayoyi kuwa a jaka aka tara su. Yaran suka yi ta ƙunƙuni, ni kuma daɗi na ji, don na san da an bar musu, da hoton jirgin za su koma da shi gida ba tare da sun kalle shi ba.

Abu na farko da aka sa su yi ya ba su haushi. Wani sajan ya jera su kafaɗa da kafaɗa a filin da ake ajiye jirage, ya ce su taka a hankali suna duban ƙasa, duk tsakuwa ko ƙusa ko murfin kwalba su tsince. Wani yaro ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Malam, shara muka zo yi?" Sajan ɗin ya ji. Ya ɗauki wani ɗan noti da bai kai girman gyaɗa ba, ya ce injin jet iska yake zuƙa da ƙarfi, duk abin da ke gabansa ciki zai tafi, kuma wannan ɗan notin ya isa ya farfasa fukafukan da ke juyawa a cikin injin. Ya ce su ma haka suke yi kafin a fara tashi, har da hafsoshi. A rumfar gyara kuma muka ga kowane sifana yana da gurbinsa da aka zana a allo, ba a sallamar jirgi sai an ga babu gurbin da ya rage wayam.

Hafsan da ya karɓe mu ya ɗan taɓa tarihi. A 1964 aka kafa rundunar sojojin saman Najeriya da taimakon Jamusawa, har shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Tun 1925 kuma jirage uku na sojojin saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Ya lissafo musu jiragen da suke jin sunayensu a rediyo: Super Mushshak na Pakistan da ake fara koyo da shi a Kaduna, L-39 da ake koyon jet da shi a Kano, Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021 aka kai su Kainji, da JF-17 guda uku a Makurɗi. Yaran suna ji, amma idonsu yana kan ƙofar ɗakin simuleta, wato na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi.

Ɗaki ne mai sanyi, babu taga. A tsakiya akwai mazaunin matuƙi na ƙaramin jirgin koyo, an yanko shi tamkar na gaske, da sandar tuƙi tsakanin gwiwoyi, da totur a gefe, da feda biyu a ƙasa, da manyan allunan hoto a gaba da gefe. Wannan ba ya motsi. Masu motsin su ne manyan da ke tsaye a kan ƙafafu shida, irin na Boeing 737 da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta sayo. A bayan kujerar akwai teburin malamin tuƙi, daga nan yake kawo iska, ya kawo hazo, ya kashe inji, ya mai da rana dare.

Lokacin da aka ba mu kaɗan ne, kowa 'yan mintuna zai samu. Nan malamin ya yi wata dabara da na ɗauka na riƙe har yau. Bai bar masu jira suna zaune ba. Ɗaya ya ba shi takardar abubuwan da ake dubawa kafin tashi, yana karantawa da ƙarfi, wanda ke kujera yana amsawa. Ɗaya yana kiran lambar gudu. Ɗaya yana rubuta tsayin da jirgin ya kai. Kafin layi ya zo kan yaro, ya riga ya san inda kowane agogo yake, don haka waɗanda suka hau daga ƙarshe sun fi na farko iyawa nesa ba kusa ba.

A ƙasa da ƙafa ake juya irin wannan jirgin, ba da hannu ba. Wannan kaɗai ya kai rabin yaran cikin ciyawa. Suna tura totur, jirgin yana ja hagu saboda juyin farfela, su kuma suna ta karkata sanda dama, a banza. Malamin yana cewa, "Ƙafar dama, samari, ƙafar dama." Idan agogon gudu ya kai wajen not 60, wato kimanin kilomita 110 a awa, sai a ja sanda kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne rigimar. Yaro zai finciko ta har ciki, hanci ya miƙe sama, gudu ya zube, ƙararrawa ta fara kuka. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin bayansa sumul. Idan kusurwar da yake tarar iskar ta wuce wajen digiri 15, iskar ta rabu da shi, ɗagawar ta tafi. Maganin kuma shi ne abin da zuciya ba ta so: jirgi yana faɗuwa, kai kuma ka tura hancinsa ƙasa don ya sake samun gudu. Na shekara ina zana wannan kusurwar a allo suna hamma. Ran nan babu wanda ya yi hamma.

Akwai yaro ɗaya da ya saba wasan jirgi a waya, kuma gaskiya ya taimake shi. Ya tashi lafiya, ya juya lafiya, har ya fara waiwayen abokansa. Sai malamin ya danna wani abu, allunan suka yi fari fat, irin hazon hunturun da ke hana jirage sauka a Kano. Babu ƙasa, babu sama. Yaron ya ci gaba da zuba ido a allon da babu komai a cikinsa, ya ce yana tafiya daidai. Mu da ke baya muna ganin agogon tsakiya, mai shuɗi a sama da ruwan ƙasa a ƙasa, ya karkace, allurar tsayi kuma tana warwarewa baya. Bai kai minti biyu ba ya shiga ƙasa yana juyi. Ya ce na'urar ce ta lalace.

Malamin bai yi musu da shi ba. Ya jawo kujerar ofis mai juyawa, ya zaunar da shi, ya ɗaure masa ido, ya ce ya nuna da babban yatsa ɓangaren da yake jin yana juyawa. Aka fara juya shi dama a hankali, da gudu iri ɗaya. Da farko yatsan ya nuna dama. Can sai ya miƙe shi sama, wai ya tsaya, alhali yana juyawa. Da aka tsayar da kujerar sai ya nuna hagu, har ya dafe hannun kujerar. Ɗakin ya kaure da dariya. Dalilin yana cikin kunne: akwai wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa a can ciki, kuma canjin juyi suke ji, ba juyin kansa ba. Idan juyi ya daɗe ba ya canzawa, ruwan ya daidaita, ƙwaƙwalwa ta ce an tsaya. A ƙasa ido yana gyara wannan ƙaryar. A cikin gajimare babu mai gyarawa sai agogo, kuma matuƙi dole ya gaskata shi ko da duk jikinsa yana rantsuwa da akasin haka.

Saboda wannan matsalar ma aka fara ɗaukar simuleta da muhimmanci. Wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera tasa a 1929 da zugazugan da ake amfani da su a masana'antar kayan kiɗan mahaifinsa, aka yi ta kallonta abin wasan yara. Sai a 1934, bayan matuƙan soja da aka sa jigilar wasiƙu sun yi ta faɗuwa cikin mummunan yanayi, sojojin Amurka suka sayi guda shida. A yaƙin duniya na biyu matuƙa sama da 500,000 suka koya a cikin irinta.

Ni sauka aka ba ni. A gefen titin jirgin akwai fitilu huɗu a jere: biyu fari biyu ja, kana kan hanya, wato gangaren digiri 3. Fari ya yi yawa, ka yi sama, ja ya yi yawa, ka yi ƙasa. Abin da na lura shi ne jirgi ba ya amsawa nan take. Ka taɓa sanda, ka jira, sannan ya bi. Wanda bai jira ba zai ƙara, ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, kamar mai koyon keke a cikin yashi. Malamin ya ce, "Malam, da yatsu uku za ka riƙe ta." Lambar da ke rubuce a bakin titi ma darasi ce: alƙiblar kamfas ce aka cire mata sifili na ƙarshe. Titin Kano mai lamba 06 yana fuskantar wajen digiri 60, ɗaya bakin kuma 24 ne, tazarar 18 ke nan, wato digiri 180. Wata ɗaliba ce ta fara gano hakan kafin a ƙarasa bayani.

Ita ce kuma ta yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit. Danginta daga wani ƙauye suka taso saboda 'yan bindiga. Ta ce, "Yallaɓai, daga sama yaya kuke gane mutumin kirki da ɗan bindiga?" Abokin aikina ya zare mata ido. Hafsan ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Ƙanwata, tambayarki tana kan hanya." Ya ce daga can mutum ɗigo ne, matuƙi yana dogara ne da kyamara da bayanin da aka ba shi daga ƙasa, idan bayanin ya zo a karkace, rayuka ne ke tafiya. Bai ƙawata ba, kuma na girmama shi da hakan. Iyayen yaran nan suna tune da garin Rann na jihar Borno, inda a watan Janairun 2017 jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira. A ganina, wanda ya kai matasa irin wannan wuri ya hana su irin wannan tambayar, yawon buɗe ido kawai ya kai su.

'Yan matan sun so su ji ko mace tana tuƙawa. Aka ambata musu Blessing Liman, 'yar kudancin Kaduna, mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan, da Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile, waɗanda aka liƙa wa fiffike, wato alamar zama matuƙi, rana ɗaya a watan Oktoban 2019, ɗaya a jirgin yaƙi, ɗaya a helikwaftan yaƙi.

A mota kowa matuƙi zai zama. Ban bari zafin ya huce ba, a darasin da ya biyo baya na zo da bayanin hanyoyin shiga. NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, tana buƙatar JAMB da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Mai digiri yana iya shiga ta gajeren kwas na hafsoshi. AFIT, cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, tana ɗaukar farar hula su karanci injiniyanci. Na kuma tuna musu yawancin waɗanda muka gani a sansanin ba matuƙa ba ne: makanikai ne, da masu hasumiyar kula da tashi da saukar jirage, da masu duba yanayi, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan lafiya. Mun sa FlightGear, manhajar kyauta, a tsohuwar kwamfutar ƙungiya, kuma dokar ita ce babu mai hawa sai da mai karanta masa takarda da mai kiran gudu. Waɗanda suka nace a kan tuƙi na ce wa iyayensu su fara kai su asibiti a gwada idonsu, musamman bambance launuka, tun kafin a kashe kuɗin fom. Wanda ja da kore suke rikice masa gara ya sani yana aji huɗu, lokacin da zai iya karkata zuwa injiniyanci.