Daren da na kwantar da uwar abokina a baranda a Rameswaram

Aiki ɗaya tak ne a hannuna a duk tafiyar nan, kama masauki. Shi ɗin ma ba wanda ya ɗora min, ni na ce a bar min. Har yau idan na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Abokin nawa ɗan ƙabilar Tamil ne, ɗaki ɗaya muke a birnin Chennai na Indiya inda muke karatu. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni a shekarata ta farko, shi ya yi jinyata. Da mahaifinsa ya rasu, sai nauyin yi wa mamaci abin da addininsu na Hindu ya tanada ya hau kansa, tunda shi ne babban ɗa. Ya ce zai kai mahaifiyarsa Rameswaram, tsibirin da ke can ƙasan jihar Tamil Nadu, yana kallon Siri Lanka. Na ce zan raka su in riƙe kaya. Ni Musulmi ne, ya sani, kuma tun farko mun yi magana cewa rakiya ce kawai ta kai ni.

Na duba ɗakuna a waya mako biyu kafin tafiya, na ga kuɗin ya yi tsada, kuma wasu sai an biya tun kafin a je. Sai na ce a raina, gari ne na baƙi, ai ba za a rasa ɗaki ba, in mun isa na yi ciniki ido da ido. Ban tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan ranar ba, kuma a nan duk kuskuren yake. Ranar 4 ga Agusta, 2024 ce, ƙarshen Muharram a lissafinmu. A nasu lissafin kuwa ranar da wata ya ɓuya ce a cikin watan Aadi, suna ce mata Aadi Amavasai, ɗaya daga cikin manyan ranakun da ake yi wa iyaye da kakanni da suka mutu ibada a bakin teku. Tsadar da na gani a waya gargaɗi ne, ni kuma na ɗauke ta son kuɗin masu otal.

Mun ɗauki Amma a Madurai, haka kowa ke kiran uwa a can, muka shiga bas. Tafiyar kilomita 170 ce ko kusa da haka. A lokacin jirgin ƙasa ba ya tsallakawa tsibirin, don an rufe tsohuwar gadar Pamban ta 1914 tun ƙarshen 2022, a Mandapam yake tsayawa, kafin a kai ga teku. Saboda haka duk jama'ar nan kan gadar mota ɗaya suka taru. Tun daga nan jikina ya fara ba ni. Motoci jere kamar ba za su ƙare ba, wasu an ɗaure musu tukwane da buhunan shinkafa a sama.

Da magariba muka sauka. Na shiga masauki ya fi goma. Wani ko ɗaga kai ba ya yi, hannu kawai yake kaɗa min. Wuri ɗaya na samu ɗaki, kuɗinsa ya ninka wanda na raina a waya sau uku, kafin in koma in yi shawara da abokina in dawo an ba wani. Ƙarshenta a barandar wani shago muka shimfiɗa zani, cikin ɗaruruwan mutane da suka yi haka. Su sun zo da shirinsu, da tabarmi da barguna. Mu ba mu zo da komai ba, don na ce musu an gama maganar masauki.

Matar nan ta haura sittin, ga ciwon gwiwa, ga mutuwar miji ba ta sake ta ba. Na ba ta haƙuri da ɗan Tamil ɗin da na iya. Ta ce, “Thambi, kwanta,” wato ƙane, ta miƙo min jakarta in yi matashi. Da faɗa ta yi min da na fi samun sauƙi.

Tun kafin asuba gari ya tashi. Na yi salla a masallacin da ke unguwar gidan su Abdul Kalam, tsohon shugaban Indiya, wanda aka haifa a tsibirin a 1931, Musulmi, ɗan mai kwalekwale. Daga nan na same su a Agni Theertham, bakin tekun da ke gaban ƙofar gabas ta haikalin Ramanathaswamy. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka suna abu ɗaya ba hayaniya ba. Kowa ya nutsa cikin ruwa da kayan jikinsa, ya fito ya zauna gaban malaminsu, ana karanta masa yana maimaitawa, yana zuba ruwa da baƙin riɗi, yana ambaton sunayen magabatansa. Abokina da ban taɓa ganin hawayensa ba ya kasa ƙarasa sunan babansa. Aƙidarmu ta bambanta nesa ba kusa ba, amma maraici na gane shi.

A wurinsu wannan ba ƙaramin wuri ba ne. Sun yi imani cewa a nan Rama, gwarzon da suke bauta wa, ya bauta wa Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, bayan ya dawo daga yaƙin Lanka. Yana cikin wurare 12 mafi tsarki na Shiva, kuma ɗaya daga cikin wurare 4 da Bahindu ke burin ziyarta a kusurwoyin Indiya, tare da Badrinath da Puri da Dwarka. Na ga waɗanda suka taho da ruwan kogin Ganga a tulun tagulla tun daga Varanasi don a zuba a nan.

Ni dai a waje na tsaya. Ba a shiga da waya, kuma a Janairun shekarar babbar kotun Madras, wato ta jihar Tamil Nadu, ta yanke cewa wanda ba Bahindu ba kada ya wuce sandar tuta a haikalan jihar. Ko ba hukuncin ma ba ni da niyyar wucewa. Dogon zauren nan mai ginshiƙai 1,212 da ake ta labari, a bakin abokina na ji shi. A ciki akwai rijiyoyi 22, ana bin su ɗaya bayan ɗaya, a kowace a ja guga a sheƙa wa mutum a ka. Sai an canza kaya busassu sannan a shiga can ciki.

A nan rashin ɗakin ya sake cizon mu. Mai ɗaki yana komawa ya goge jiki, ya huta, ya sha abu mai zafi. Ita Amma kuwa ta kwana a siminti, ta shiga teku da sanyin safiya, an kwara mata guga 22, ta yi awanni a layi. Da ta fito leɓenta na rawa. Kafin azahar jikinta ya yi zafi rau. Mun so mu je Dhanushkodi, garin da guguwar 1964 ta rushe a ƙarshen tsibirin, wanda ta ce sun taɓa zuwa da mijinta. Ba mu je ba. Mota na ɗauko shata zuwa Madurai, kuɗin da na biya ya fi na kwana biyu a ɗakin da na ƙi kamawa. Kwana huɗu ta yi a kwance. Kuɗin bai dame ni ba, Dhanushkodi ɗin ce ke damuna.

Duk ɗalibi ko ɗan jinya da ke Indiya, idan aboki ya gayyace ka irin wannan wuri, ka tambaye shi ranar mece ce a kalandarsu kafin ka tambayi kuɗin mota. In ka ji kalmar amavasai, musamman ta Aadi, ko ta watan Thai a Janairu zuwa Fabrairu, ko ta Mahalaya wajen Satumba zuwa Oktoba, ka biya ɗaki nan take ko nawa ne, kuma wanda ake iya zuwa haikalin da ƙafa. Ka sa tawul da kaya kala biyu a leda daban. In da tsoho a tafiyar, ka ƙara kwana ɗaya na hutu.

An buɗe sabuwar gadar jirgin ƙasa a Afrilun 2025, yanzu jirgi na shiga har cikin tsibirin. Abokina ya ce Amma na son komawa saboda Dhanushkodi, kuma ta ce a taho da ni. Na ce ya turo min ranar tun yanzu.